Idan Likita Ya Ce Babu Warkewa: Me Ya Rage Wa Majinyaci?

A ranar 20 ga Yuni, 2025, 'yan majalisar wakilan Birtaniya suka kaɗa ƙuri'a kan wani ƙudiri da ya shafi Ingila da Wales. Ƙudirin zai ba baligin da likitoci suka ƙiyasta kwanakinsa ba za su wuce wata shida ba damar neman taimakon likita don kawo ƙarshen rayuwarsa. Mutum 314 suka amince, 291 suka ƙi, aka miƙa shi ga zaure na biyu na majalisar. Labarin ya zaga duniya, kuma ya bar mutane da yawa da tunanin cewa hanya biyu ce kawai gaban mai ciwon da ba ya warkewa: ko ya yi ta shan azaba har rai ya yi halinsa, ko ya nemi a gajarta masa. Alhali tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi da ba ya samun kanun labarai, kuma a cikinsa ne galibin majinyata da iyalansu ke zaune, wasu na watanni, wasu na shekaru.

Wannan sharhi a kan wancan filin yake: abin da ke sa ragowar kwanakin mutum su kasance rayuwa da sunanta, da abin da ke hana hakan.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Ba kowane ciwon da ba ya warkewa ne ciwon ajali ba. Mai ciwon suga ko hawan jini ba ya rabuwa da shi, amma yana iya tsufa tare da shi. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne ciwon da ke ci gaba da cin jiki, magani ba ya tsayar da shi, kuma ana sa ran shi zai zama sanadi: kansar da ta bazu, gazawar zuciya ko huhu ko ƙoda da ta kai matakin ƙarshe, cutar mantuwa da ta yi nisa, da cutar ALS wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka.

Tafiyarsu ma ba iri ɗaya ba ce. Mai kansa sau da yawa yana da ƙarfinsa har zuwa 'yan watannin ƙarshe, sannan jiki ya faɗi da sauri. Mai ciwon zuciya yau a kwance, gobe ya miƙe, jibi ya koma, har iyali su kasa gane inda aka dosa. Mai ALS kuwa a hankali yake rasa hannu, da ƙafa, da murya, da haɗiya, yayin da tunanin galibinsu yake nan daram.

Kalma ta biyu ita ce kulawar sassauci. Fanni ne na likitanci da ya mai da hankali kan rage raɗaɗi, da sarƙewar numfashi, da tashin zuciya, da rashin barci, da damuwa, ga majinyaci da iyalinsa. Mutane da dama suna ɗaukar tura su wannan sashe a matsayin sallama daga asibiti. Ba haka ba ne: ana iya haɗa ta da maganin da ake yi wa cutar kanta tun daga ranar da aka gano ta. A 2010 wasu likitoci a babban asibitin Massachusetts da ke Amurka suka wallafa sakamakon bincike kan mutum 151 masu kansar huhu da ta bazu. Waɗanda aka haɗa musu da kulawar sassauci tun da wuri sun fi samun natsuwa, baƙin ciki mai tsanani ya yi ƙaranci a cikinsu, ba a yi musu jinya mai wahalarwa sosai a kwanakin ƙarshe ba, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran kuma wata 8.9. Bincike ɗaya ne kan cuta ɗaya, bai kamata a ɗora masa abin da bai faɗa ba, amma ya girgiza tunanin cewa sassauci da miƙa wuya abu guda ne.

Ta uku ita ce bambanci tsakanin dakatar da maganin da ya daina amfani, da ba wa mutum abin da zai kashe shi da gangan. A na farko cutar ce ke kai mutum, a na biyu aikin hannu ne. Dokokin ƙasashe da yawa da malaman addinai sun raba su, kuma za a dawo kansu a gaba.

Inda fannin ya samo asali

Sunan da ba a tsallakewa shi ne Cicely Saunders, 'yar Birtaniya wadda ta fara aiki a matsayin nas, ta koma jami'ar jin daɗin marasa lafiya, sannan ta yi karatun likita bayan ta haura shekara talatin. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan, inda aka haɗa jinyar masu ciwon ajali da koyarwa da bincike. Ta daɗe tana zama kusa da gadon majinyata tana naɗar maganganunsu, daga nan ta fito da abin da ta kira raɗaɗi gaba ɗaya. Abin da take nufi shi ne, idan mutum ya ce yana jin ciwo, ƙashi da tsoka ne ke magana, amma tsoro ma yana ciki, da tunanin wanda zai riƙe 'ya'ya, da bashin da aka ci, da tambayar me ya sa ni. Allura tana maganin kashi ɗaya, sauran suna buƙatar kunne da lokaci. Ita kanta a wannan gida ta rasu a 2005.

A tsakiyar shekarun 1970 likita Balfour Mount ya kai tsarin cikin babban asibiti a Montreal ta Kanada. A 2014 kuma Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudiri da ke kira ga ƙasashe su sanya kulawar sassauci cikin tsarin lafiyarsu. Tazara tsakanin takarda da gadon majinyaci tana nan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu.

Raɗaɗi ne shingen farko

Duk maganar ma'anar rayuwa banza ce ga wanda ciwo ya hana shi runtsawa. Mutumin da ke murƙususu ba ya iya sauraron ɗansa, ba ya iya ibada da natsuwa, ba ya iya tuna abin da yake son bari a baya. Shi ya sa masu wannan fanni ke fara da jiki.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku na maganin raɗaɗin kansa: a fara da masu sauƙi irin su farasitamol, a hau zuwa matsakaita, sannan masu ƙarfi irin su mofin. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci a ciki ita ce a ba da magani bisa agogo, kada a jira sai ciwo ya dawo. Ruwan mofin na sha, alal misali, akan ba da shi duk bayan awa huɗu, dare da rana, a ƙara ko a rage gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Kwanakin farko yana kawo gyangyaɗi da tashin zuciya, waɗanda sukan lafa. Taurin bayan gida kuwa ba ya lafawa da kansa, don haka ake haɗa shi da maganin sassauta ciki tun daga ranar farko. Ƙaramin bayani ne, amma rashinsa ya sa majinyata da yawa sun ajiye maganin da ke taimakonsu.

Mofin ba shi da tsadar haɗawa. Duk da haka, wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin 100 na irin waɗannan magunguna da ake rarrabawa. Dalilan sun haɗu ne: dokokin hana fataucin ƙwayoyi da suka matse har likita ke tsoron rubutawa, ƙarancin horo, da fargabar iyalai cewa mofin na nufin an gama ko kuma zai sa jaraba. Fargabar tana da tushe, domin annobar shan irin waɗannan ƙwayoyi a Amurka ta halaka dubban ɗaruruwan mutane. Masu tsaurara doka wannan suke kallo. Likitocin sassauci kuma suna cewa idan aka auna shi daidai, aka ƙara a hankali ƙarƙashin kulawa, ba ya gaggauta mutuwa, kuma hana mai kansar ƙashi magani saboda laifin wani zalunci ne da ba a gani don a ɗaki yake faruwa.

Yuganda ta gwada hanyar tsakiya. Likita Anne Merriman ta kafa cibiyar kulawar sassauci ta Hospice Africa a can a 1993, aka riƙa haɗa ruwan mofin mai araha a cikin ƙasar, sannan a 2004 aka sauya doka ta yadda nas-nas da suka samu horo na musamman za su iya rubuta shi. Wannan ya kai maganin ga wuraren da likita ba ya zuwa.

A faɗa masa ko a ɓoye?

Nan ne iyalai suka fi rarrabuwa, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Masu ɓoyewa suna cewa labarin zai karya masa zuciya, ya daina ci, ya daina faɗa da ciwon. Ranar mutuwa kuma ba a hannun likita take ba. Masu faɗa suna cewa jikinsa ne, lokacinsa ne, kuma yana da haƙƙoƙin da zai so ya sauke, da mutanen da zai so ya gani, da wasiyyar da zai so ya yi da hankalinsa.

Abin da ma'aikatan jinya suka daɗe suna lura da shi shi ne, majinyaci ya riga kowa sani. Jiki magayi. Yana ganin rigarsa ta yi masa yawa, yana ganin yadda ake yin shiru idan an shigo. Sai a wayi gari shi yana ɓoye musu don kada hankalinsu ya tashi, su ma suna ɓoye masa, kowa na kuka a ɓoye, kuma makonnin da za a yi magana ta gaskiya su wuce a hirar yanayi. Amma akwai kuma mutanen da da gaske ba sa son jin adadi, kuma tilasta musu ji ba kirki ba ne. Saboda haka tsarin da ƙwararru suka fi karkata gare shi yanzu shi ne a tambayi mutum tukuna: me ka fahimta game da ciwon nan, nawa kake son sani, wa kake so a yi maganar da shi? Wanda ya ce a gaya wa babban ɗana, ya yi zaɓi, a girmama shi.

Ƙiyasin likita kan kwanakin da suka rage wa majinyaci shi ma ba wahayi ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2000 kan likitocin da ke tura majinyata gidajen jinya a Chicago ya gano kashi 20 cikin 100 na ƙiyasinsu ne kawai ya yi daidai, kashi 63 kuma sun zarce tsawon lokacin da majinyatan suka yi. Wato kuskuren ya fi karkata ga kyakkyawan zato, lamarin da ke sa iyalai jinkirta abin da ya kamata a yi yau.

Abin da majinyata ke kira rayuwa

Lokacin da masu bincike a Amurka suka tambayi majinyata masu tsananin ciwo da likitoci da iyalai abin da ya fi muhimmanci a ƙarshen rayuwa, a wani aiki da ya fito a 2000, kowa ya yarda kan sassauta ciwo da shirin mutuwa da mutunci. Sai dai akwai abubuwan da majinyata suka ɗauka da nauyi fiye da yadda likitoci suka zata: kasancewa cikin hayyaci, rashin zama nauyi ga iyali, samun zaman lafiya tsakaninsu da Ubangijinsu, da iya taimakon wani.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. Ciwo mai kwantarwa yana ƙwace wa mutum matsayinsa kafin ya ƙwace ransa. Wanda jiya ake jiran shawararsa, yau ana magana a kansa yana kwance kamar ba ya ɗakin. A ɗauki malamin da ALS ta kama. Da farko maɓallin riga ne ya gagare shi, sai alƙalami, sai cokali. Wata rana matarsa ta ga yana ta kallon littafin lissafin ɗansu da ke kan tebur. Ta ɗauko ta buɗe masa a gaban ido, yaron ya zauna yana karanto aikinsa, uban yana ɗaga gira idan daidai ne, yana runtse ido idan an yi kuskure. Rabin awa ke nan, kuma ba ta ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Amma a cikin wannan rabin awa shi uba ne kuma malami, ba gawar da ke jiran lokaci ba. Iyalan da ke ɗauke wa majinyaci komai saboda tausayi, har da tambayarsa ra'ayi, sukan ɗauke masa wannan ba tare da sun sani ba.

Likitan ƙwaƙwalwa Harvey Chochinov na Kanada ya gina wata hanya a kan wannan fahimta. Ana zama da majinyaci a yi masa tambayoyi: wane lokaci ne ka fi jin kana raye, me kake alfahari da shi, me kake son iyalinka su sani ko su tuna? Ana naɗar hirar, a rubuta ta, a gyara tare da shi, a ba shi takardar ya miƙa wa wanda yake so. Gwajin da aka yi bai nuna tana kawar da duk baƙin ciki ba, amma majinyata da yawa sun ce ta ƙara musu jin cewa suna da daraja, iyalai kuma sun riƙe takardun bayan rasuwa. Masu ALS a yau suna iya naɗar muryarsu tun tana nan, domin na'urar da za ta yi magana a madadinsu daga baya ta fito da sauti mai kama da nasu.

Masu lafiya kuma ba su iya auna rayuwar mai ciwo daga waje. A 2011 aka wallafa bincike kan mutanen da jikinsu ya shanye kusan gaba ɗaya, yawancinsu a Faransa. Cikin 65 da suka amsa tambayoyin duka, 47 sun ce suna cikin jin daɗi, 18 sun ce ba sa ciki. Adadin kaɗan ne, kuma mai yiwuwa waɗanda suka fi shan wahala ba su amsa ba. Duk da haka ya isa ya sa mutum ya yi hattara da cewa da in zama haka gara in mutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san inda rana ke shigo masa.

Akwai tarko a ɗaya gefen. Ana yawan kawo misalin masanin kimiyya Stephen Hawking, wanda aka gano yana da ALS a 1963 yana ɗan shekara 21, ya rayu har 2018. Labarinsa gaskiya ne, amma ba shi ne ma'auni ba: galibin masu cutar suna rasuwa cikin shekara biyu zuwa biyar bayan an gano ta, kuma shi ya samu masu jinya dare da rana da na'urorin da mutane ƙalilan ke samu. Idan aka mayar da jarumta sharaɗi, sai majinyacin da ke kuka ko fushi ya ji kamar ya gaza. Haka ma matakai biyar na baƙin ciki da likita Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969, daga musu zuwa karɓa: ba tsani ba ne da dole kowa ya taka. Mutum na iya karɓa da safe ya yi fushi da yamma. Baƙin cikin da ya zarce, wanda ke hana barci da magana da jin daɗin komai na makonni, ciwo ne na daban kuma yana da magani ko a wannan mataki.

Saɓani kan gaggauta mutuwa

Jihar Oregon ta Amurka ta fara aiki da dokar taimakon mutuwa a 1997, Holan da Beljiyam a 2002, Kanada a 2016. Masu goyon baya suna cewa akwai wahalar da magani ba ya kai wa gare ta, kuma baligi mai hankali shi ya fi cancanta ya yanke hukunci kan ƙarshensa. Wasu majinyatan ma suna karɓar maganin kawo ƙarshen rayuwar ba su sha ba, sanin yana nan ya ishe su. Masu adawa, ciki har da ƙungiyoyin naƙasassu da likitocin sassauci da dama, suna tsoron kada dama ta rikiɗe ta zama matsin lamba ga talaka da tsoho da wanda ke jin ya zame wa iyalinsa kaya, musamman inda ba a samar da kulawa ba tukuna.

Musulunci da Cocin Katolika duk sun haramta kashe majinyaci da gangan ko da shi ya nema, amma ba su wajabta riƙe shi da na'ura ko ta halin ƙaƙa ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urori idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Fafaroma Pius na 12 kuma tun 1957 ya ce ya halatta a ba da maganin raɗaɗi mai ƙarfi matuƙar niyyar sassauci ce.

Rahotannin shekara-shekara na Oregon suna nuna wani abu da ɓangarorin biyu ke kafa hujja da shi. Dalilan da masu neman maganin suka fi ambata su ne rasa ikon tafiyar da kai, kasa yin abubuwan da ke sa rayuwa daɗi, da zubewar mutunci. Raɗaɗin jiki yana ƙasa da waɗannan a jerin.

Masu jinya

Nauyin yau da gobe a kan iyali yake, kuma a mafi yawan ƙasashe mata ne ke ɗaukar kaso mafi girma. Juya wanda ba ya iya motsi duk bayan 'yan awanni don kada gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da diddige, jiƙa masa leɓe da auduga idan haɗiya ta gagara, wanka, canza shimfiɗa da tsakar dare, ga aikin da aka bari da kuɗin da ke ƙarewa. Mai jinya da bai yi barci ba kwana uku ba zai iya zama ya saurari kowa ba, kuma majinyaci yana karanta gajiyar a fuskarsa, ya ƙara jin ya zama kaya. Don haka ma'anar kulawar sassauci ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyali a ciki, har bayan rasuwa.

A kwanakin ƙarshe mutum yakan rage ci da sha, ya yawaita barci, numfashinsa ya sauya. Iyalan da ba a yi wa bayani ba sukan ɗauka yunwa ce ke kashe shi, su yi ta ɗura masa abinci, wanda ke iya shaƙe shi. Bayanin minti goma daga nas yana hana wannan. Ana kuma shawartar iyali su ci gaba da yi masa magana a hankali, su faɗi sunansu idan sun shigo, su riƙe hannunsa, domin ana kyautata zaton ji yana cikin abubuwan da ke jimawa ba su gushe ba.

Tambayoyin da suka fi amfani a gaban likita, tun majinyaci yana iya magana da bakinsa, kaɗan ne. Wannan magani don warkewa ne, ko don ƙara lokaci, ko don sauƙi? Me zai ci daga ƙarfin da ya rage? Idan ciwo ya tashi da ƙarfe biyu na dare, wa za a kira, me za a ba shi? Idan ya kasa magana, wa ya zaɓa ya yi magana a madadinsa, kuma shin wannan mutumin ya ji daga bakinsa inda yake son ya ƙarasa kwanakinsa, gida ko asibiti?